Tsaraba Mai Numfashi

Tun kafin Sailuba ta gama zuge akwatin warin ya tare ta. Ta daɗe tana aikin jinya a Riyad, a sashen jarirai bakwaini, babu irin warin da hancinta bai sani ba, amma wannan ba na asibiti ba ne. Warin abu ne da ya mutu a wuri mai ɗumi, aka kuma rufe shi. Ta ja da baya ta toshe hanci da gefen mayafi. Shigowarsu gida ke nan daga filin jirgi. Mijinta, Injiniya Bashari, yana falo da waya a kunne, yana shelanta wa duk wani Bahaushen da ke birnin cewa sun dawo lafiya daga tsibiran kunkuru.

Ita tun farko ba ta so tafiyar ba. Hutu sau ɗaya yake zuwa a shekara, kuma da son samunta ne a Gusau za ta yi shi, tana miƙe ƙafa a tsakar gidan yayarta. Amma Bashari ya ji wasu Turawan ofishinsu suna labarin wasu tsibirai can ƙarshen duniya, waɗanda duwatsu masu aman wuta suka tofo a tsakiyar teku, inda ake zagayawa a jirgin ruwa na alfarma ana kallon dabbobin da babu irinsu a ko'ina. Daga ranar bai sake barin kunnenta ya huta ba. Ya ce tafiya ce da ko a Unguwar Ofisoshin Jakadanci ba kowa ya taɓa yin ta ba. In za a faɗi gaskiya, dalilin tafiyar ke nan gaba ɗaya.

Jirgin dai ba shi da laifi. Ma'aikatansa sun fi baƙin yawa, kullum sai an naɗe tawul an yi siffar tsuntsu da shi an ajiye a kan gado, abinci kuwa sai wanda ranka ya so. Matsalar ita ce cikin Sailuba ya ƙi jinin teku, rabin tafiyar a durƙushe ta yi shi a banɗakin alfarma. In kuma an ɗebe su a kwalekwalen roba an sauke su a tsibiri, me za ta gani? Baƙin dutse ƙonanne kamar gindin tukunya, ba inuwa, ba wurin zama. Wasu baƙaƙen ƙadangaru masu girman damo sun kwanta a kan juna tuli guda, suna atishawar gishiri. Wasu ƙattin dabbobin ruwa masu gashin baki suna birgima a yashi, suna ƙarnin kifi. Kashin tsuntsaye ya shafe duwatsu fari fat. Turawa kuwa sai raɗa suke yi, suna taku a hankali, wata tsohuwa har da dafe ƙirji. Sailuba ta yi ta tsaki a zuci, tana mamakin yadda mutum da hankalinsa zai ƙetare rabin duniya don ya shaƙi wannan.

Ga dokoki kamar a barikin soja. Tun a filin jirgin tsibirin aka ƙwace mata yajinta da ɗan kilishin da ta yi guzuri, wai kada wani iri ya shiga ƙasarsu. Duk sauka sai an wanke tafin takalmi. Ba a matsawa kusa da dabba, ba a ba ta abinci, ba a ɗaukar ko tsakuwa. Kuma a duk jirgin ba a samu ɗalibi mai biyayya kamar Bashari ba. Ya sayi hula mai hoton kunkuru, yana manne da jagorarsu, wata 'yar tsibirin mai ƙonanniyar fata, yana yi mata tambayoyi da Turancinsa na ofis. Ranar da Sailuba ta sunkuya ta ɗauki wani gashin tsuntsu a ƙasa, a gaban mutane ya tsawata mata, ya ce ta mayar da shi daidai inda ta gan shi. Ranar da suka tarar da wani tsohon kunkuru, ƙato, wanda aka ce ya haura shekara ɗari, Bashari ya tsuguna daga nesa ya ce ta ɗauke shi a bidiyo. Ya yi jawabi a kan amanar da Allah Ya ba ɗan Adam, muryarsa na rawa, har ya share hawaye da gefen hular.

To, akwatin wannan mutumin ne yake wari.

Ta ɗaga riguna, ta ɗaga wanduna. Can ƙasa, a cikin takalmansa na tafiya, ta ga safa biyu a dunƙule. Ta zazzage ta farko, wani abu mai nauyin lemon zaƙi ya faɗo a kan gado, an naɗe shi da ledar rufe abinci, an huda 'yan ramuka. Ɗan kunkuru ne, bai kai tafin hannunta ba. Ya kumbura, ruwa na tsiyaya daga bakinsa, akwai ɗigon farin fenti a bayansa. Ta zazzage ta biyu. Wannan ɗigonsa rawaya ne. Da ta yage ledar ta taɓa ƙafarsa, sai ƙafar ta ɗan janye.

Ta san wannan fenti. An kai su wani gidan raino inda ake ƙyanƙyasar ƙwan kunkuru, ana kula da 'ya'yan har su yi ƙwarin da ɓera ba zai iya cinye su ba, sannan a mayar da su daji. Jagorar ta ce kowane launi da tsibirinsa. A wurin ma Bashari ya yi jawabi.

"Wa ya ce ki buɗe min akwati?" in ji shi daga bakin ƙofa.

"Abban Luƙman, mene ne wannan?"

Ya matso, ya leƙa, ya yamutsa fuska. "Ɗaya ya tafi ke nan. Dama shi ya sa na karɓi biyu."

"A ina ka samo su?"

"Wani ne a tashar jirgin ruwa, ranar da kike kwance. Ke kin san mutum ba ya yin tafiya irin wannan ya dawo hannu biyu. Alhaji Maiwada ne ya ce in taho masa da shi. Zai ajiye a lambun gidansa, yadda ake ajiye kunkuru a gida don tsari."

Alhaji Maiwada ba baƙon suna ba ne. Ya fi kowa daɗewa a Riyad cikin 'yan Najeriya, gidansa yana unguwar Nasiriya, kuma yana da bakin magana a wurin wasu manyan 'yan kwangila. Kwantiragin Bashari ya kusa ƙarewa, yana so Alhaji ya sa baki a ɗauke shi a wani babban kamfani. Watanni ke nan in Alhaji ya yi atishawa Bashari ne ke fara cewa yarhamukallah.

"Kai da ka hana ni ɗaukar gashin tsuntsu," Sailuba ta ce.

"A gaban mutane ne ai." Ya faɗe shi ko kunya babu, kamar yana gaya mata ƙarfe nawa. Sannan ya rage murya. "Ki saurare ni. Kada wani ya ji. In hukuma ta sani, iƙamata da taki, takardun zamanmu a ƙasar nan, duk sun tashi, jirgi za a sa mu, ba dawowa. Mataccen ki zuba a shara. Ɗayan kuma ki duba shi, ai aikinki ne rainon ƙananan abubuwa. Ya kai Juma'a kawai, ranar walimar dawowarmu zan miƙa shi. Halas, magana ta ƙare."

Ya koma falo ya ci gaba da waya. Ta ji shi yana gaya wa wani cewa wallahi tafiyar ta canza masa tunani.

Ba ta zuba mataccen a shara ba. Magunan unguwarsu ta Badi'a ba sa barin leda ta kwana a rufe, za su iya jawo shi har ƙofar maƙwabta. Ta naɗe shi a leda kan leda, ta tura can ƙarshen firiza bayan kaji, da niyyar in ta samu sarari ta kai shi kwari ta tona rami ta rufe. Ta cire zanin gadon ta jiƙa, ta wanke hannu har gwiwa, ta sake wankewa. Duk da haka da ta zauna cin abinci warin na nan a hancinta, ta ture kwanon.

Mai ran kuwa ta kai shi ɗakin wanki, wani ɗan lungu ne bayan kicin inda injin wanki da tsintsiya suke. Ta sa shi a roba da ruwan ɗumi kaɗan, ta kunna masa fitilar karatun ɗansu Luƙman, wanda ke jami'a can gida Najeriya. Kada wani ya ce son dabba ne ya kama ta. Ba ta taɓa kiwon ko kaza ba, kuma wannan abin mummuna ne: wuya a yamutse, baki a murtuke, fuskar tsohon da aka ci bashinsa. Duk taɓawa sai tsikar jikinta ta tashi. Amma hannun da ya saba da jaririn kwalba ba ya iya ganin numfashi yana shirin yankewa ya naɗe. Ta samo sirinji, tana ɗiga masa ruwa a gefen baki kafin ta tafi aiki, in ta dawo ko abaya ba ta cirewa sai ta leƙa shi.

Kwanakin farko ko motsi ba ya yi. Ta ajiye masa latas, ya bushe. Ta yanka kokwamba, ta yi yaushi a gabansa. Sai wata safiya ta tarar ya buɗe ido, baƙaƙe, ƙanana, yana kallon fitilar. Washegari ya miƙo wuya ya bi ɗigon sirinjin da baki. Sailuba ta ji irin abin da take ji in bakwaini ya fara kama nono, ta kuma ji haushin kanta da ta ji shi. Ta ce masa, "Kai dai ka rayu, ka je lambun Alhaji ka yi ta cin ciyawa. Ba gida ba ne, amma ya fi safa."

A duk kwanakin nan Bashari bai leƙa shi ko sau ɗaya ba. Daga falo yake ɗaga murya, "Yana nan dai ko?" In ta ce yana nan, sai ya koma kan wayarsa, yana tura wa mutane hotunansa da hula.

Ranar Alhamis da la'asar Hajiya Delou, matar Alhaji Maiwada, ta kira ta. Mutuniyar Maraɗi ce, mai fara'a, cikinta ba ya riƙe magana. Bayan gaisuwa da ban gajiya ta ce, "Maman Luƙman, Allah Ya saka wa maigidanki. Alhaji ya ƙagu gobe ta yi. Gwiwoyin nan sun hana shi sakat, sallah ma a kujera yake yi."

"Allah Ya sauwaƙe, Hajiya. Amma me ya haɗa gwiwa da kunkuru?"

"Au, bai gaya miki ba? Wani malami ne daga gida ya ba shi laƙani. Ya ce a samo kunkurun nan mai tsawon rai, na tsibirin wuta, a kawo shi da ransa a yanka, a ƙona ƙoƙon bayan, a daka a kwaɓa da man shanu a riƙa shafawa. Ni dai na ce masa ba a kicin ɗina ba."

"Shi Injiniya ya san haka?"

"Haba, ai tare suka yi waya da malamin, a falonmu, kafin ku tafi."

Sailuba ta yi sallama yadda ya kamata, har da cewa a gaida Alhaji. Ta ajiye wayar, ta tafi ɗakin wanki ta tsaya. Ɗan kunkurun ya taka har gefen robar yana ƙoƙarin hawa, yana zamewa, yana sake gwadawa. Ashe kiwon yanka aka sa ta yi. Ashe ranar da take riƙe da waya tana ɗaukar hawayen mijinta, ya riga ya san abin da ya je nema.

Ta yi tunanin kai shi hukumar kula da namun daji. Amma tambayar farko da za a yi mata ita ce wa ya shigo da shi, kuma daga nan sai aikinta ya tafi, sai karatun Luƙman, sai duk wanda ke jiran hannunta a Gusau. Ta yi tunanin yi wa Bashari magana. Ta san amsar tun kafin ta tambaya: zai ce dabba ce kawai, zai ce ba ta son ci gabansa, ya shiga ya ɗauka da hannunsa. Daga nan ta wuce kicin, ta buɗe firiza, ta ture kaji gefe.

Juma'a da hantsi Bashari na zaune a teburin cin abinci, ya sha shadda, yana shan shayi yana gwada bidiyon da zai nuna a wurin walima. Sailuba ta zo ta ajiye faranti a gabansa. A kai akwai ɗan kunkuru, ta narkar da ƙanƙarar da ruwan ɗumi ta goge shi. Farin ɗigon fentin yana nan a bayansa, a fili, ba ta ko yi ƙoƙarin ɓoye shi ba.

"Ya mutu," ta ce.

Ya ajiye kofi. "Yaushe?"

"Ga shi dai kana gani."

Ta tsaya tana jira. Wani ɓangare na zuciyarta yana fatan ya duba ya ce a'a, ai wancan rawaya ne. Ko ya yi shiru na ɗan lokaci, ko ya ce Allah sarki. Da ya yi ɗaya daga ciki, da wataƙila ta gaya masa gaskiya su yi rigimarsu irin ta miji da mata. Bashari ya kalli farantin, ya kalli agogo.

"Kwana nawa kacal na ce ki riƙe min shi, Sailuba. Ke da ake yabo a asibiti." Ya shafa gemu, yana tunani. "An ce da rai ake so."

"Don a ajiye a lambu?"

Bai ma ji tambayar ba. Fuskarsa ta washe, dabara ta zo. "Mafi mushkila, in ji Larabawa, ba matsala. Ɗauko wuƙa ki ɗan tsaga wuyan. Zan ce masa ni na yanka da safen nan, don in rage masa wahala."

Ta je ta ɗauko wuƙa, ta ajiye a gefen farantin, ƙotar tana kallonsa. "Wannan kam da hannunka."

Ya harare ta, ya naɗe hannun shadda don kada ta ɓaci. Ya jawo wuyan da yatsa biyu yana kawar da kai saboda wari, ya juya farantin ya fuskanci alƙibla. Kuma, Allah shaida, sai da ya yi bisimilla kafin ya ɗora wuƙa a kan mushen da ya kwana shida a firiza. Babu jini ko ɗigo. Ya ce ta kawo turarensa na oud, ya fesa, ya sake fesawa, ya sa shi a wani kwalin dabino mai ruwan zinare, ya ɗaure da zare. Ya goge yatsunsa da tishu ya ɗauki kofinsa ya ƙarasa shayin. Sailuba ta ɗauki farantin da wuƙar, ba ta kai su wurin wanke-wanke ba, kwandon shara ta jefa su.

An yi walimar bayan sallar Juma'a a wata istiraha da ya kama a bayan gari, irin gidajen hutun nan da ake haya, ɓangaren maza daban, na mata daban. An yi shinkafa da rago, ga kuma masa da miyar taushe. Aka haɗa bidiyon a talabijin na kowane ɓangare. Mata suka yi ta ihu da dariya da suka ga ƙadangarun nan, wata ta ce ko kyauta aka ce ta je ba za ta ba. Da aka zo wurin tsohon kunkuru kuwa sai wuri ya yi tsit. Ga Bashari a tsugune, ga muryarsa na rawa, yana cewa duk wanda ya cutar da halittar nan sai Allah Ya tambaye shi. Wata matar likita ta ce, "Masha Allah, Maman Luƙman, kin yi dacen miji mai tausayi." Sailuba ta ce Allah Ya sa, ta mayar da lomar da ta ɗebo cikin kwano. Warin oud ɗin da ke tashi a jikin matan ma ya isa ya hana ta ci.

Da aka tashi, tana tsaye a bakin ƙofa tana sallamar baƙi, ta ga an taimaka wa Alhaji Maiwada ya shiga mota. Bashari ya rusuna a bakin tagar, ya miƙa kwalin da hannu biyu yana raɗa. Alhaji ya kwance zaren, ya leƙa, ya ɗan janye hanci.

"Ɗan wannan ne? Ni na ɗauka irin na cikin bidiyon ne. Wannan ai ko shekara bai yi ba, wane tsawon rai ya gani?"

"Irinsu ɗaya ne, Alhaji. Jinin ɗaya ne."

"To, a gwada." Ya miƙa wa direba kwalin ta bayan kujera ba tare da ya sake kallo ba. "Maganarka kuma ka tuna min bayan wata."

Bashari ya tsaya yana ɗaga hannu har motar ta ɓace. A hanyar gida bakinsa bai rufu ba. Ya ce ta ga yadda Alhaji ya ji daɗi? Ya ce mutane sun yaba bidiyon, har wasu na tambayar yadda ake zuwa. Ya ce baɗi in Allah Ya kai mu akwai wasu tsibiran masu tsuntsayen ƙanƙara, su ma a jirgin ruwa ake zagaya su. Sailuba tana kallon gine-gine ta taga, ta matsa jikin ƙofa yadda ko gefen rigarsa ba zai taɓa ta ba.

Suna isa ya faɗa kujera ya kunna talabijin. Ita ta wuce kicin, ta shiga ɗakin wanki ta turo ƙofa. Yankan kokwambar da ta ajiye da safe an gutsure gefensa. Ɗan kunkurun yana kusa, wani ɗan kore ya maƙale masa a baki, yana tauna a hankali da murtukakkiyar fuskarsa. Ta tsuguna tana kallo har ya haɗiye.

Daɗi ya zo mata, amma bai daɗe shi kaɗai ba. Ta tuna abin da jagorar ta faɗa, cewa irin wannan yana girma har sai maza da yawa sun taru kafin su ɗaga shi, kuma yana iya ganin jikokin jikokin wanda ya raine shi. Wannan kuwa ba zai sake taka baƙin dutsen tsibirinsa ba. Ba rana, ba ciyawa, ba ɗan'uwa, sai roba da fitilar karatu da ƙugin injin wanki. Ba ta san yadda za ta yi da shi nan gaba ba, kuma ba ta yaudari kanta cewa ta sani ba. Abin da ta sani kawai shi ne yau ba a yanka shi ba.

Ta duba lungun, tana auna ko za ta nemi wani wurin ɓoyo da ya fi wannan. Sai ta tuna. Tun ranar da suka tare a gidan nan, Luƙman yana rarrafe, Bashari bai taɓa saka ƙafa a ɗakin wanki ba. Ta tabbata in aka tambaye shi ta wane gefen kicin ƙofar take, sai ya yi tunani.

"Sailuba," ya kira daga falo. "Farar shaddata ta Lahadi, an wanke kuwa?"

"Tana nan," ta ce.

Ta yanko wani yankin kokwamba, siriri yadda bakinsa zai iya, ta ajiye masa. Ta ɗauki shaddar da yatsa biyu ta jefa a inji, ta fito ta bar ƙofar a buɗe.